Lasisin Sayar da Makamai da Bindigogin da ke Isa Arewa

Ƙasar da ke ƙera makamai ba ta barin kamfani ya sayar da su waje sai da lasisin gwamnati, mai saye kuma sai ya sa hannu a takardar da ke nuna wanda zai yi amfani da su. A Afirka ta Yamma an ƙara wani mataki: yarjejeniyar ƙungiyar ƙasashen yankin, CEDEAO, kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja a 2006 ta fara aiki a 2009, ta hana ƙasa shigo da su sai ta nemi izinin ƙungiyar. Nijar ta kuma amince da yarjejeniyar cinikin makamai ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2015, tana da hukumar CNCCAI mai tattara haramtattun makamai tun 1994.

Matsalar ita ce lasisi ciniki na farko kawai yake tsarewa. Yawancin bindigogin da ke yawo a Sahel da takarda aka saye su tun asali, daga baya suka sulale. Rumbunan Libiya sun watse bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, wasu kuma an kwashe su daga barikokin soja da aka kai wa hari. Kalashnikof tana iya yin shekara da shekaru tana aiki, ta sauya hannu sau da dama, lambar da ke jikinta wani lokaci a goge.

Gundumomin Dogondutsi da Tibiri, a yankin Arewa na Nijar, sun ga sakamakon. Iyakarsu da jihohin Sakkwato da Kabi na Najeriya doguwa ce, dangi da kasuwanni a ɓangarorin biyu, hanyoyin babur kuma sun fi jami'an kwastan yawa. Satar shanu da a da ake yi da sanda da adda ta koma ta bindiga. A watan Yunin 2024 ƴan bindiga suka kashe sojoji shida masu gadin bututun man da ke zuwa Benin, a yankin Tibiri. Ƙetaren iyaka kuwa, ƴan bindigar ƙungiyar Lakurawa na karɓar dabbobi da sunan zakka.

Ficewar Nijar daga CEDEAO a Janairun 2025 ta fitar da ita daga ƙarƙashin hukumar da ke ba da wancan izini. Gwamnati ta sami sararin sayen makamai ba tare da jiran CEDEAO ba, amma musayar bayanai da Najeriya kan bin sawun bindigogin da aka kama ta ƙara wuya, kuma a Arewa wannan ne aikin da ya fi tasiri.