Zaren Fatsa Na Fluorocarbon: Yadda Ake Hana Shi Murɗewa

Babu takaicin da ya fi wa masunci ciwo kamar ya ga giwan ruwa ta haɗiye koto, sa'an nan zare ya tsinke. Sau da yawa laifin ba na zaren ba ne, na mai naɗa shi ne.

A shekarar 1971 ne kamfanin Kureha na ƙasar Japan ya fara fito da zaren fluorocarbon. Ya fi na nailan nauyi, don haka yakan nutse da sauri, ba ya shan ruwa, kuma kifi ba ya ganinsa sosai. Amma fa yana da tsada da tauri, in ya murɗe sai ya yi ta cukuikuyewa. Saboda haka mai koyo gara ya fara da matsakaici, ba mai kauri ainun ba.

Ga mai injin naɗi irin wanda kwarkwaronsa ke juyawa lokacin jifa, dabarar ita ce ya zura fensir cikin kwarkwaron da aka sayo, wani ya riƙe masa, zaren ya riƙa fitowa ta sama yana shiga injin a miƙe, a ɗame. Kada a ajiye kwarkwaron kwance a ƙasa, nan ne murɗewa ke farawa. Kada kuma a cika injin maƙil.

In ya riga ya murɗe, sai a cire ƙugiya, a sake shi bayan kwalekwale yana tafiya, ruwa zai warware shi. A kuma jiƙa ƙulli kafin a ɗaure shi tamau, don zafin goga na raunana zaren.