Yadda Ake Haɗa DFS a Windows Server, da Kuskuren da Ke Jawo Asarar Fayiloli

Duk wanda ya taɓa ajiye hoto a Google Drive ya san daɗin abin: ya buɗe waya ya gan shi, ya buɗe kwamfuta ya gan shi, kuma bai damu da sanin na'urar da ke riƙe da hoton ba. Ofisoshi da makarantu ma suna son irin wannan sauƙi a kwamfutocinsu na cikin gida. A Windows Server, tsarin da ke yin wannan aiki shi ne DFS. Matashin da ke son aikin kula da netwok zai ci karo da shi ko ba jima ko ba daɗe.

Matsalar da DFS ke magancewa

A ofis akan ware kwamfuta ɗaya mai ƙarfi, wato saba, a zuba fayilolin kowa a cikinta. Ma'aikata suna shiga ta adireshi irin \\SABA1\Takardu. Ranar da wannan saba ta lalace, ko aka ɗauke wuta a reshen da take, aiki ya tsaya cak. Idan kuma aka sayi sabuwa mai wani suna, sai an bi kowace kwamfuta an canza adireshi.

DFS yana da ɓangare biyu. DFS Namespaces yana ba da adireshi guda, misali \\kamfani.local\Fayiloli, wanda ke nuna wa kwamfuta sabar da za ta je. Shi kuwa DFS Replication yana kwafe abin da ke cikin folda daga wannan saba zuwa waccan. Ya fara fitowa ne a Windows Server 2003 R2, kuma idan aka gyara babban fayil, ɓangaren da ya canza kawai yake turawa, wanda hakan ke rage cin data.

Abubuwan da ake buƙata

Ana buƙatar saba biyu masu Windows Server, dukansu a ƙarƙashin Active Directory, wato tsarin da ke riƙe da sunayen ma'aikata da izinin kowa. Ɓangaren kwafi ba ya aiki sai da shi. Haka kuma faifan da foldar take ya zama an tsara shi da NTFS. Mai koyo ba sai ya sayi injina ba, zai iya ƙirƙirar sabobin gwaji a cikin kwamfutarsa da VirtualBox ko Hyper-V.

Matakan haɗawa

1. A kowace saba, a buɗe Server Manager, a latsa Add Roles and Features. A ƙarƙashin File and Storage Services a zaɓi DFS Namespaces da DFS Replication, a girka su.

2. A ƙirƙiri folda mai suna Takardu a SABA1 da SABA2, a buɗe ta ga netwok, a kuma ba ma'aikatan da suka dace izinin shiga.

3. A buɗe DFS Management, a latsa New Namespace, a ba shi suna Fayiloli, a zaɓi nau'in Domain-based. Daga nan a ƙara SABA2 cikin masu riƙe da adireshin, domin idan ɗaya ce kawai, mutuwarta mutuwar adireshin ce.

4. A latsa New Folder, a sa \\SABA1\Takardu da \\SABA2\Takardu a matsayin wuraren da foldar ke nunawa.

5. Tsarin zai tambaya ko a kunna kwafi tsakaninsu, sai a amince. A nan za a zaɓi Primary member, wato sabar da za a ɗauki fayilolinta a matsayin na asali a kwafin farko. A tabbatar an zaɓi wadda take da cikakkun fayiloli na kwanan nan.

6. A duba wurin da fayil ke jira kafin a tura shi, wanda ake kira Staging. Yana zuwa da 4 GB, amma Microsoft ya ba da shawarar ya kai aƙalla jimillar girman manyan fayiloli 32 da ke cikin foldar. Idan ya yi kaɗan, kwafi zai riƙa tafiyar hawainiya.

Bayan an gama, a jefa ƙaramin fayil a SABA1 a ga ko ya bayyana a SABA2. Sannan a kashe SABA1 a gwada buɗe adireshin daga wata kwamfuta.

Inda ake tafka asara

Mutane da yawa suna ganin fayil a wuri biyu sai su saki jiki, su ɗauka sun yi ajiyar ko-ta-kwana. Ba haka abin yake ba. DFS yana kwafe komai ne, mai kyau da marar kyau. Idan wani ya goge folda a SABA1, za ta ɓace a SABA2. Idan manhajar 'yan kutse masu neman kuɗin fansa ta kulle fayiloli, kullallun ne za a kwafa. Saboda haka dole a riƙa yin ajiya ta daban a faifan da ba ya haɗe da netwok.

Matsala ta biyu ita ce mutum biyu su buɗe fayil ɗaya a sabobi daban-daban. DFS ba ya hana su, kuma wanda ya adana a ƙarshe shi ne ya ci. Aikin ɗayan yana komawa wata ɓoyayyiyar folda mai suna ConflictAndDeleted, ita ma idan ta cika takan share tsofaffin da ke ciki. Idan takarda ce da ake gyarawa kullum, kamar ta lissafin kuɗi, gara a tura kowa saba ɗaya, ta biyun ta zauna a matsayin madadi.

Shiga daga waya

Manhajar Files ta iPhone tana iya shiga folda ta hanyar SMB tun daga iOS 13, akwai kuma manhajojin Android masu yin haka. Wasu ba sa gane adireshin DFS, sai an ba su na sabar kai tsaye. Amma kada a kuskura a buɗe ƙofar SMB, mai lamba 445, ga intanet don a shiga daga gida. Ta wannan ƙofa WannaCry ta yaɗu a duniya a 2017. Mai son shiga daga nesa ya bi ta VPN na ofis.