Hutun Farko A Alƙahira: Abin Gani, Abin Yi Da Abin Gudu

Yawancin mutanenmu da suka taɓa hawa jirgi zuwa ƙetare, ɗayan abu uku ne ya fitar da su: aikin Hajji ko Umara, neman magani, ko sarin kaya. A duk ukun akwai mai riƙe wa mutum hannu. Alhaji yana da jami'in hukumar alhazai, majinyaci yana da tafinta, ɗan kasuwa yana da dillalinsa. Wanda kuwa ya kwashi iyalinsa don su buɗe ido kawai, shi ne jami'in kansa, shi ne tafintan kansa, kuma duk wanda ya tare shi da fara'a a bakin hanya ya san da haka. Alƙahira tana cikin biranen da ake fara gwada irin wannan tafiya, domin ba ta da nisa, awa huɗu zuwa biyar ce a jirgi daga Kano, abinci halal ne, masallaci kuma ba sai an yi cigiya ba. Sai dai birni ne mai mutum fiye da miliyan 20, wanda ya daɗe da gogewa wajen cin abinci daga aljihun baƙo.

Rabin wahalar tafiyar tun daga gida ake sayenta. Biza daga ofishin jakadancin Masar take fitowa, na Abuja ko na Yamai, kuma duk ejan da ya ce maka ka hau jirgi kawai, "akwai mutuminmu a can", ka ce ya nuna maka a rubuce. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Katin rigakafin cutar shawara, mai ruwan ɗorawar nan, Masar tana nemansa daga masu zuwa daga ƙasashenmu; ka je a yi maka allurar da gaske a ba ka na gaske, ka bar na 'yan bakin filin jirgi. Idan da maiɗaki za ka tafi, ka saka takardar shaidar aure a jaka, domin otal-otal da yawa sukan nemi gani kafin su ba Musulmi biyu ɗaki ɗaya.

Sai batun magani, wanda nan ne ganganci yake kai mutum inda bai yi zato ba. Tramadol da mutane suke saye a kemis kamar alewa, a Masar yana cikin miyagun ƙwayoyi. A 2017 an yanke wa wata Baturiyar Ingila hukuncin ɗaurin shekara uku saboda an same ta da kusan ƙwaya 300 a jakarta, duk da ta ce wa mijinta mai ciwon baya ta kawo. Duk maganin da kake sha, ya zauna a kwalinsa tare da takardar likita. Saƙo kuwa, ko na wane ne, idan ba a gabanka aka buɗe shi aka ƙulle ba, ka ba da haƙuri. Ƙaramin jirgin nan marar matuƙi da samari suke ɗaukar hoton biki da shi, a bar shi gida. Shiga da shi ba izini laifi ne.

Kuɗin Masar fam ne, 'yan ƙasar suna ce masa gine. Canji a banki ake yi ko a shagon canji mai lasisi, a karɓi rasit. Canjin bayan fage a can laifi ne mai kai mutum kurkuku, don haka ɗabi'ar tsayawa a gefen titi a ƙirga dala a ajiye ta sai an dawo. Wani abin da yake ba baƙi mamaki shi ne, manyan wuraren tarihi sun daina karɓar tsabar kuɗi a tagar tikiti, sai kati. Mutum zai iya tsayawa a ƙofar dalar Giza da daloli cike da aljihu ya rasa hanyar shiga. Ka tambayi bankinka tun kana gida ko katinka yana aiki a waje, kuma nawa ne iyakarsa. Ka kuma tanadi ƙananan kuɗi, domin bakshish, wato ɗan ihsani, ya ratsa komai: mai gadin takalmi a masallaci, mai miƙa takarda a bayan gida, mai ɗaukar jaka.

Zirga-zirga ta fi sauƙi da Uber ko inDrive, inda kuɗin yake a rubuce kafin ka shiga. Farar tasi tana da mita, amma sau da yawa mitar takan "lalace" da zarar direba ya ji harshen baƙo. Jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka buɗe a 1987, shi ne na farko a Afirka. Yana da araha da sauri, kuma a tsakiyarsa akwai taragun da aka keɓe wa mata. Namiji ya lura kada ya faɗa ciki. Tsallaka titi kuwa, ka jira ɗan gari ya taka ka bi gefensa.

Giza safiya ɗaya ta ishe ta, amma a yi sammako kafin rana ta buɗe. Babbar dalar ta Fir'auna Khufu ce, an gina ta fiye da shekara 4,500 da suka wuce, da duwatsu wajen miliyan biyu da dubu ɗari uku, tsayinta na asali mita 146. Hoto yana rage mata girma. Sai ka tsaya a gindinta ka ga dutse ɗaya ya kai maka ƙirji sannan za ka yi shiru. Shiga cikinta tikiti daban ne, kuma gaskiya ba kowa ya kamata ya saya ba. Hanya ce matsattsiya da ake hawa a sunkuye, ga zafi ga numfashin jama'a, a ƙarshe ka tarar da ɗaki fayau babu komai sai akwatin dutse marar murfi. Mai hawan jini, mai ciwon gwiwa da mai tsoron ƙunci su tsaya a waje, ba su yi asarar komai ba. Hawa bayan dalar kuma doka ta hana.

A nan ne kuma baƙo yake haɗuwa da ƙwararru. Wani zai tare ka da murya irin ta hukuma ya ce ka kawo tikitinka, da ka miƙa ya zama jagoranka, sai ka biya. Wani zai ɗora maka rawani a ka ya ce kyauta ce saboda kai ɗan'uwa ne Musulmi, yana gama ɗaure maka ya miƙo hannu. Mai raƙumi zai faɗi kuɗi kaɗan, ka hau, a yi nisa cikin rairayi, sannan ka ji cewa wancan kuɗin hawa ne, na saukowa daban, raƙumi kuwa ba ya durƙusawa sai mai shi ya ce. Wani ma bayan an gama zai ce fam ɗin da ya faɗa na Ingila yake nufi. Maganin duka ɗaya ne: a yanke ciniki kafin a taɓa komai, kuɗin ƙasar Masar, na mutum nawa, na minti nawa, zuwa da dawowa, kuma ba a biya sai an sauko. Abin da ba ka so, ka ce "la, shukran" ka ci gaba da tafiya. Kunyar nan tamu ta kada a ga an yi wa mutum wulaƙanci ita suke jira.

Da yawa daga cikinmu abin da ya fi jan su shi ne ganin gawar Fir'auna. To, a sani ba ta tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir. A watan Afrilun 2021 aka kwashe gawarwakin sarakuna 18 da sarauniyoyi 4 aka mayar da su gidan tarihin wayewar Masar da ke Fusɗaɗ, ciki har da ta Ramsis na biyu. Ɗakin yana ƙasa, da duhu-duhu, ba a ɗaukar hoto. Za ka ga gashin kansa da ƙoƙon hancinsa. Jagora zai iya rantse maka cewa wannan ne ya yi zamani da Annabi Musa (AS), amma masana tarihi ba su haɗu a kan haka ba, wasu ɗansa Marnabta suke nunawa. Kayan zinaren Tutankhamun kuma suna sabon katafaren gidan tarihin da ke kusa da Giza. Idan wani ya tare ka a hanya ya ce yau an rufe wurin, ka zo ka huta a shagon ɗan'uwansa, ka je ƙofar ka gani da idonka. Shagon na turare ne ko na takardar bardi, wadda sau da yawa ganyen ayaba ce aka yi wa fenti.

A ganina, inda Bahaushe ya fi asara shi ne idan ya bar kamfanin yawo ya cinye masa kwanaki a wajen Fir'aunoni, ya ratsa tsohon birnin Musulunci cikin awa biyu. Nan ne muke da gado. Jalalaini da ake jan baƙinsa a tafsirin azumi, malaman biyu da suka rubuta shi, Mahalli da Suyuɗi, mutanen wannan birni ne. Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, har wasiƙar nasiha ya aika wa sarakunan Katsina da Agadas. Shehu Halilu mai Muhtasar, wanda alƙalanmu suka yi ƙarnoni suna hukunci da littafinsa, a nan ya karantar. Tun a ƙarni na 13 mutanen Kanem suka ba da kuɗi aka gina makarantar Ibn Rashiƙ don ɗalibansu da alhazansu, daga baya kuma Azhar ta keɓe wa Barebari masaukinsu. Wanda ya san wannan, idan ya cire takalmi ya taka farin dutsen tsakar masallacin Azhar, wanda aka gama a 972, ba kallo kawai ya zo yi ba.

Ka ba wannan yanki yini guda cur, da ƙafa. Ka faro daga ƙofar Futuh ka gangaro titin Mu'izz, inda masallatai da makarantu da asibitin Ƙalawun suke jere kafaɗa da kafaɗa, ka ɓulle ƙofar Zuwaila, wadda ake hawa hasumiyarta a hango rufin birni. Wata rana kuma ka je masallacin Sultan Hasan na ƙarni na 14, mai zaure huɗu, kowace mazhaba da nata. Bamalike zai so ya nemi nasu. Daga nan ganuwar Salahuddin Ayyubi, wadda aka fara a 1176, tana kan tudu a samanka. Amma idan an ce in zaɓi ɗaya, masallacin Ibn Ɗulun zan zaɓa, wanda aka gama a 879. Ba shi da ƙyale-ƙyale kuma ba shi da cunkoso, sai fili mai faɗi da hasumiya mai matakala ta waje da take naɗe ta. Kabarin Imamu Shafi'i yana Ƙarafa, masallacin Amru ɗan Asi kuma, wanda asalinsa ya koma shekarun 641 zuwa 642, yana Fusɗaɗ, ɗan taku kaɗan daga tsofaffin majami'un Kibɗawa. A wasu masallatan mai gadi zai ce zai buɗe maka wani ɗaki na musamman. Ka tambayi nawa kafin ya juya makulli.

Kasuwar Khan Khalili tana manne da masallacin Husaini. Ciniki a nan Bahaushe ba ya buƙatar darasi, sai dai ya tuna cewa idan direba ko jagora ne ya kai shi shago, ladansu yana cikin kuɗin da zai biya. Abu ɗaya ne ba a tayawa: duk wanda ya ja ka gefe ya buɗe tsumma ya nuna maka ɗan gunki ko tsohon kwabo ya ce daga kabari aka tono. Idan jabu ne an cuce ka, idan na gaske ne fita da shi laifi ne babba.

Abinci ba zai ba ka wahala ba. Koshari shi ne na talaka da mai kuɗi: shinkafa, taliya, adas da soyayyar albasa da miyar tumatir. Da safe ful da ta'amiyya, wadda ƙanwar ƙosai ce. Mulukiyya lalo ce, karkade zoɓo ne, ruwan rake kuma a gabanka ake matse shi. Ruwan sha dai na gora, kuma a zaɓi shagon da ake layi. Da la'asar sakaliya a ɗauki falluka, jirgin ruwa mai filafilai, a zaga Nilu awa ɗaya. A tabbatar kuɗin na jirgin ne gaba ɗaya, ba na kowane kai ba.

Akwai abin da 'yan kamfanin yawo ba sa faɗa. Baƙar fata yakan ji yara ko 'yan zaman banza suna jifansa da kalmomi a kan launinsa, mata kuma sukan gamu da masu baki. Tankawa ba ta da riba. Idan abin ya wuce baki, lambar 'yan sandan masu yawon buɗe ido 126 ce, ta 'yan sanda 122, ta motar asibiti 123. Ka riƙa yawo da kwafin fasfo da biza, domin ana tsayar da baƙi a duba takardu. Kada ka ɗaga waya wajen soja, ɗan sanda, shingen bincike ko ginin gwamnati, kuma hirar siyasar ƙasar, ko direba ne ya taso da ita, ka ce kai baƙo ne.

Lokacin zuwa daga Oktoba ne zuwa Afrilu. A Disamba da Janairu dare yana da sanyi sosai, a tafi da rigar sanyi. Wajen Maris zuwa Mayu kuma iskar hamasin takan taso da ƙura. Hutun mako Juma'a da Asabar ne, kuma safiyar Juma'a ce kaɗai titi yake numfashi. Ranar komawa ka duba kwanakin bizarka tun kafin ta zo, domin wuce wa'adi tara ce a filin jirgi. Ka bar masauki awa huɗu kafin tashi saboda cunkoso, kuma ka canjar da ragowar fam ɗinka a can, tunda doka ba ta yarda a fita da fiye da 5,000 ba, 'yan canjin gida ma ba kowa ne zai karɓe shi ba.