Sunan Gaba da Hatimin Baya: Wa Ya Ƙera Sifikun Tsoffin Akwatunan Japan?

Duk wanda ya tashi a gidan da ake sa faifan garmaho ko kaset a shekarun 1970 da 1980 ya san akwatunan nan masu nauyi, masu launin goro, da suna a manne a goshi: Sansui, Pioneer, Akai, Kenwood, Technics. Har gobe suna ɓullowa cikin kayan gwanjo, mai saye ya karanta sunan ya biya kuɗi, hankalinsa kwance. Sai dai sunan nan shaidar wanda ya haɗa akwatin ya sayar ce kawai. Masu yin sautin su ne sifikun da ke ɗaure a ciki: babbar da ake kira wufa mai fitar da kauri, ta tsakiya mai ɗaukar muryar mutum, da ƙaramar tuwita mai fitar da siririn sauti. Wanda ya ƙera su kuwa sau da yawa daban yake da mai sunan.

Kafin a ɗauki sukudireba, ya kamata a san yadda sana'ar take a Japan ta wancan zamani. Akwai kamfanonin da sifika ce cibiyarsu tun fil'azal. Nozomu Matsumoto ya kafa kamfaninsa a Tokyo a 1938 domin ƙera sifika, kuma shi ne ya koma Pioneer a 1961. Onkyo ya fara a Osaka a 1946 da irin wannan aiki. Mitsubishi ya yi ta ƙera sifikun Diatone tare da injiniyoyin gidan rediyon ƙasa, NHK, inda aka samu P-610 da akwatin 2S-305 na ɗakunan watsa shirye-shirye. Amma Sansui, wanda Kosaku Kikuchi ya kafa a 1947, da taransifoma ya fara. Akai kuwa da na'urar naɗar sauti ya yi suna. Kamfanin da ke son cika kantinsa da akwatuna iri-iri kowace shekara, ya fi masa sauƙi ya ba da kwangilar wasu sifikun ga masu wannan sana'a, su ƙera masa bisa awon da ya bayar.

Babban mai irin wannan kwangila shi ne Foster Electric, wanda ya fara aiki a Tokyo a 1949. Shekara da shekaru yana ƙera wa wasu, sunansa ba ya fitowa a gaba, sai a 1973 ya kafa Fostex domin sayar da nasa kai tsaye. Kantunan Radio Shack na Amurka sun sayar da wata ƙaramar sifika mai lamba 40-1197 da sunan Realistic, alhali 'yar gidan FE103 ce ta Foster. Wani lokacin ma abin da ke cikin akwatin daga ƙetare ya zo. Sansui ya daɗe yana dillancin kayan JBL na Amurka a Japan, har ya fitar da akwatin SP-LE8T: katako da sassaƙaƙƙen ragar gaba aikin Japan, sifikar ciki kuwa LE8T ce ta JBL. Denon ma ya yi akwatuna da sifikun Peerless na ƙasar Denmak. A ganina babu abin kunya a nan ko kaɗan. Sifikar kwangila da aka auna da kyau ta fi ta gida da aka yi da ganganci, kuma masu raina akwati don sun ji an ce "ai ba su suka yi cikin ba" suna barin kaya masu kyau su wuce su.

To, yaya ake ganewa? A kwantar da akwatin a bayansa, a kwance sukurori a hankali, hannu ɗaya yana tare bakin sukudireba, domin zamewa ɗaya ta isa ta huda takardar da ta shekara hamsin lafiya. A ɗaga sifikar, a yi wa wayoyin alama kafin a cire su, sannan a juya ta. Bayan maganaɗisun shi ne wuri na farko. Kayan Matsushita, wato National da Technics, lambarsu kan fara da EAS, sai faɗin sifikar a santimita, kamar EAS-20. Na Yamaha kan fara da JA: wufar NS-10M ita ce JA-1801. Pioneer kan sa PW a wufar da yake sayarwa ita kaɗai, PT a tuwita, a cikin akwatunansa kuwa sau da yawa lambar kan fara da faɗi, kamar 30. Sony na da doguwar lamba mai farawa da 1, an raba ta da 'yan layuka.

A nan ne mutane da yawa ke tsayawa, kuma a nan ne suke kuskure. Babbar lambar da ke kan takardar manne sau tari lambar ajiya ce ta kamfanin da ya yi oda, domin mai gyara ya san abin da zai nema. Mai ƙerawa na ainihi kan bar sawunsa a wani lungu: ɗan hatimin tawada a gefen ƙarfen kwandon, ko a bayan takardar sifikar kusa da leɓe, ko wata 'yar alama da aka buga a jikin ƙarfe. Sai an haska da tocila, wani lokacin a goge ƙura da busasshen buroshi, kafin ta fito.

Lambobin kwanan wata ma suna da tarko biyu. Masana'antun Amurka suna da tsarin da kowane kamfani ke da lambarsa, 137 ta CTS, 220 ta Jensen, sai shekara da mako su biyo baya. Idan aka ga irin wannan a cikin akwatin Japan, to ko dai daga ƙetare aka shigo da sifikar, ko an haɗa shi a wata ƙasa, ko wani ya taɓa canja ta. Tarko na biyu kalandar Japan ce. Wasu masana'antu sun riƙa buga shekarar sarautar Showa, wadda ta fara a 1926 ta ƙare a 1989. Ana ƙara 1925 a kan lambar, don haka 52 na iya nufin 1977. Wanda bai san haka ba sai ya ɗauka yana riƙe da kayan 1952, ya tsawwala kuɗi.

Shi kansa maganaɗisun yana magana. Tsohon yayi shi ne alniko, haɗin alminiyam da nikel da kobalt, ɗan dunƙule da ke ɓoye cikin gidan ƙarfe. Na biyu shi ne ferat, baƙin zobe mai faɗi da ake gani a fili tsakanin faranti biyu. A 1978 yaƙi ya ɓarke a lardin Shaba na Zayar, ya kai garin Kolwezi mai ma'adinai, farashin kobalt ya yi tashin gwauron zabi, masu ƙera sifika a duniya suka yi ta komawa ferat. Saboda haka alniko alama ce mai ƙarfi ta cewa sifikar ta girmi wannan lokaci. Amma ferat ba ya tabbatar da akasin haka, domin a Tokyo aka ƙirƙiro shi tun 1930, ta hannun Yogoro Kato da Takeshi Takei, kuma Japanawa sun daɗe suna amfani da shi a sifika kafin rikicin.

Sauran shaidu na ido ne da sabo: siffar ramukan kwandon, ko ƙarfe ne da aka matse ko zubin alminiyam, yadda aka dasa kunnuwan waya, launin gam, ko leɓen na ƙyalle ne ko na soso. Sai dai kama da wane ba ta wane. Masana'anta ɗaya kan yi amfani da kwando ɗaya ga kamfanoni da yawa, amma naɗin wayar ciki da nauyin takarda da ƙarfin maganaɗisu su bambanta. Don haka a sa mita: sifikar da aka rubuta mata om 8 takan nuna kusan 6 zuwa 7, kuma ta akwatin dama da ta hagu su zo kusa da juna. Idan ɗaya ta yi nisa, ko liƙin dalmarta sabo ne fil, ko akwai ramukan sukurori biyu-biyu a katakon, an taɓa shiga wurin. Shaida ɗaya ba ta yanke hukunci. Sai lamba da hatimi da maganaɗisu da mita sun yi baki ɗaya.

Abin da ya sa na damu da wannan bincike shi ne, an auna kowace sifika da girman akwatinta da allon da ke raba mata sauti, kuma yawancinsu ba za a sake yin irinsu ba. Yamaha ya fitar da NS-10M a 1978, ta cika ɗakunan naɗar waƙa na duniya, amma a 2001 ya daina yin ta, yana mai cewa itacen da ake yin farar takardarta da shi ya daina samuwa. NS-1000M ta 1974 kuwa, ta tsakiyarta da tuwitarta an yi ƙoƙonsu da ƙarfen beriliyam, wanda ƙurarsa guba ce ga huhu. Wanda ya gane JA-0801 a bayan ta tsakiyar ya san ba a kankare ta, ba a taɓa fasasshiya da hannu.

Ga masu gyaran rediyo na kasuwanninmu, waɗanda suka iya naɗa koyil da hannu, ina da roƙo. Idan aka kawo muku tsohon akwatin Japan yana kaɗawa, yawanci soson leɓen ne ya ruɓe, kuma ana iya sa sabo. Kada ku cire wufar ku jefar ku ɗaura ta mota don kawai ramin ya yi daidai. In kuwa canjin ya zama dole, ku rubuta duk lambobin da ke bayanta a cikin akwatin, sannan ku miƙa wa mai kaya tsohuwar ya ajiye.