YADDA AKE HAƊA KWAMFUTAR CINYA DA INTANET TA HANYAR RUBUTA UMURNI

GABATARWA

An shirya wannan bayani ne domin amfanin ɗalibai da malamai da ma'aikata da 'yan kasuwa, da duk ɗan ƙasa mai kwamfutar cinya, watau wadda wasu ke kira tafi-da-gidanka. Abin da yake koyarwa guda ɗaya ne: yadda mutum zai haɗa kwamfutarsa da intanet ta iska, ba tare da igiya ba, a ranar da hotunan da ya saba dannawa da linzami suka ƙi fitowa, ba abin da ya rage gabansa sai baƙin allo da farin rubutu.

Mu ɗauki misali da wani ɗalibi a unguwar Moduganari, cikin birnin Maiduguri. Ya sayi tsohuwar kwamfuta ta hannu. Da kamfanin Microsoft ya daina kula da babbar manhajar Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025, kwamfutar kuwa ba ta da ƙarfin ɗaukar sabuwa, sai ya sa mata Linux, wadda ake samu kyauta. Wata rana yana cikin sabunta manhaja aka ɗauke wuta, batirin kuma ya riga ya gaji, kwamfuta ta mutu aiki bai ƙare ba. Mutanen Maiduguri sun san irin wannan hali sarai, musamman tun Janairun 2021, lokacin da aka lalata turakun da ke kawo wa birnin wuta daga Damaturu. Da ɗalibin ya sake kunnawa, sai baƙin allo. Gyaran yana bukatar intanet, shi kuwa bai san wata ƙofar shiga intanet ba sai ta hotunan nan da suka ɓace. Ga shi kuma jibi za a rufe rajistar makaranta.

Da yawa a irin wannan hali sukan ɗauka kwamfuta ta lalace ke nan, su sayar da ita da arha, ko su yarda a goge musu dukan abin da ke cikinta. Alhali kuwa umurni biyar ko shida sun isa su fid da mutum.

MENE NE LAYIN UMURNI?

Tun kafin a ƙago linzami da hotuna, da rubutu ake yi wa kwamfuta magana. Mutum ya rubuta abin da yake so, ya danna maɓallin Enter, ita kuma ta ba shi amsa a rubuce. Haka babbar manhajar Unix ta taso a Amurka a 1969, kuma a kan wannan tsari ne Linus Torvalds, ɗalibi a ƙasar Finlan, ya fara gina Linux a 1991. Hotunan da muke gani yau riga ce kurum aka ɗora a kai. In rigar ta yage, gangar jikin tana nan da ƙarfinta. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

In hotuna suna aiki, a Ubuntu da ire-irenta ana buɗe tagar umurni da danna Ctrl da Alt da T gaba ɗaya. In ba sa aiki, a danna Ctrl da Alt da F3. Kwamfuta za ta tambayi sunan mai ita, sa'an nan kalmar sirrinsa. Kada ka damu in ka ga kana buga kalmar sirri ba abin da ke fitowa a allo. Da gangan aka yi haka, domin kada na kusa da kai ya gani.

Ka kiyaye abu biyu. Na farko, kwamfuta tana bambanta babban baƙi da ƙarami, kuma tana lura da kowane fili tsakanin kalmomi, saboda haka a kwafi umurni daidai yadda aka rubuta shi. Na biyu, kalmar sudo a farkon umurni tana nufin kana magana da ikon mai gida, don haka za a nemi kalmar sirrinka kafin a aikata.

ABIN DA KE FARUWA IN ANA HAƊI

Wi-Fi rediyo ne mai gajeren zango. An tsara ƙa'idarsa ta farko a 1997, kuma yawancinsa yana aiki a kan zango biyu, gigahaz 2.4 da gigahaz 5. A cikin kwamfuta akwai ɗan kati mai aikawa da karɓar saƙo. A ɗaya ɓangaren kuma akwai tasha, wadda za ta iya zama na'urar rarraba intanet ta ofis, ko kuma wayar hannunka in ka kunna mata raba data, abin da samari ke kira hotsifot.

Haɗin yana kama da saukar baƙo a gari. Tilas baƙo ya kasance a farke, ya nemo gidan da za shi, ya yi sallama a amsa masa, sa'an nan a ba shi masauki mai adireshi inda saƙo zai same shi. Haka ita ma kwamfuta: kati ya farka, ya ga tasha, tasha ta yarda da kalmar sirri, ta ba shi lambar adireshi. Wanda ya riƙe waɗannan matakai huɗu ba zai ruɗe ba, domin duk matsalar da ta taso a ɗayansu take.

MATAKI NA FARKO: A TA DA KATI

Yawancin ire-iren Linux na kwamfutar cinya, kamar Ubuntu da Mint da Fedora, suna zuwa da wani shiri mai suna NetworkManager, wanda kamfanin Red Hat ya fara a 2004. Ana ba shi umurni da kalmar nmcli. Rubuta:

nmcli device status

Za ka ga jerin na'urori. Nemi layin da ke da kalmar wifi. Sunan katin yakan zama wlan0, ko wlp2s0, ko mai kama da haka. Rubuta shi a takarda. In ka ga disconnected a gabansa, kati lafiya yake, haɗi kawai yake jira. In ka ga unavailable, mai yiwuwa an kulle shi ne. Sai ka bincika:

rfkill list

In amsar ta nuna Soft blocked: yes, manhaja ce ta kulle shi, kuma ana buɗewa da waɗannan biyu:

sudo rfkill unblock wifi
nmcli radio wifi on

Amma in ta nuna Hard blocked: yes, babu rubutun da zai buɗe shi. Tsofaffin kwamfutoci da yawa suna da ɗan makunni a gefe, ko maɓalli mai hoton eriya ko jirgin sama da ake dannawa tare da Fn. A neme shi a kunna.

MATAKI NA BIYU: A NEMO TASHA

nmcli device wifi list

Wannan zai jero dukan tashoshin da ke kusa. Ƙarƙashin SSID akwai sunayensu. Ƙarƙashin SIGNAL akwai ƙarfin kowace, daga 0 zuwa 100. In lambar ta yi ƙasa ƙwarai, matsa kusa, domin bangon siminti da ƙofar ƙarfe suna raunana saƙo. Ƙarƙashin SECURITY kuma akwai irin makullin da tashar ke da shi.

In wayarka tana raba data amma sunanta bai fito ba, ga wani dalili mai yiwuwa: wasu sababbin wayoyi sukan raba a zangon gigahaz 5, tsohon kati kuwa 2.4 kaɗai yake ji. Shiga saitin wayar ka mai da ita 2.4, ka sake dubawa.

MATAKI NA UKU: A YI SALLAMA

A ce sunan tashar Moduganari. Rubuta:

sudo nmcli --ask device wifi connect "Moduganari"

A maimakon wannan suna sai ka sa na tashar da kake nema, tsakanin alamun zance kamar yadda aka nuna. Kwamfuta za ta nemi kalmar sirrin tashar, ka buga. In ka ga kalmomin successfully activated, an karɓe ka. Amfanin --ask shi ne kalmar sirri ba ta shiga cikin layin umurni. Kwamfuta tana ajiye tarihin abin da aka rubuta a layin, saboda haka wanda ya buga kalmar sirri a fili ya bar ta ke nan ga duk wanda zai zauna bayansa.

MATAKI NA HUƊU: A TABBATA

ping -c 4 8.8.8.8

Wannan yana aika ɗan saƙo sau huɗu zuwa wata na'ura ta kamfanin Google. In amsa ta dawo, ka fita duniya. Sa'an nan ka gwada da suna:

ping -c 4 google.com

In na farko ya yi, na biyu ya ƙi, hanya tana nan, mai fassara sunaye zuwa lambobi ne bai amsa ba; kashe tashar ka sake kunnawa. In duka biyu sun ƙi, duba ko an ba ka adireshi da umurnin ip address. In akwai adireshi amma ba fita, tambayi kanka ko data ce ta ƙare. Sau da yawa laifin ke nan, ba na kwamfuta ba.

Mu koma ga ɗalibinmu na Moduganari. Da ya samu intanet, abin da ya rage masa a Ubuntu ko Mint shi ne ya ƙarasa aikin da ɗaukewar wuta ta katse:

sudo dpkg --configure -a
sudo apt update
sudo apt -f install

Sa'an nan ya rubuta sudo reboot. Sau da yawa hotuna sukan dawo, takardunsa kuma ba abin da ya taɓa su.

IN BABU NMCLI

Wasu kwamfutocin ba su da NetworkManager. A nan sai a yi aikin da hannu, da wani shiri mai suna wpa_supplicant. Umurnin ip link zai nuna sunan kati. In wlan0 ne, ga tsarin:

sudo ip link set wlan0 up
wpa_passphrase "Moduganari" | sudo tee /etc/wpa_supplicant.conf
sudo wpa_supplicant -B -i wlan0 -c /etc/wpa_supplicant.conf
sudo dhclient wlan0

Layi na farko yana ta da kati. Na biyu zai tsaya yana jira ka buga kalmar sirrin tasha, ya ajiye ta a fayil. Na uku shi ne sallama. Na huɗu yana roƙon adireshi. In kwamfutarka ba ta san dhclient ba, sa dhcpcd a madadinsa. Kada a haɗa wannan hanya da ta nmcli a lokaci guda, domin shirye-shiryen biyu za su yi ta ja-in-ja a kan kati ɗaya.

In kuwa ko kaɗan kati bai fito a jeri ba, mai yiwuwa ɗan shirin da ke tuƙa shi ne babu, wanda masu gyara ke kira direba. Ga dabara: haɗa wayarka da kwamfuta da igiyar caji mai ɗaukar bayanai, ka kunna raba data ta USB a saitin wayar. Kwamfuta za ta ɗauke ta kamar igiyar intanet, ka sauko da direban ta nan.

Masu Windows su ma suna da tasu ƙofar. Umurnin netsh wlan show networks yana nuna tashoshi, netsh wlan connect name="Moduganari" kuma yana haɗawa, muddin kwamfutar ta taɓa shiga tashar ta ajiye bayaninta.

GARGAƊI GA JAMA'A

Na ɗaya, a kula da makulli. Tsohon tsarin WEP masana sun nuna rauninsa tun 2001, kuma yau ana fasa shi cikin 'yan mintoci. A yi amfani da WPA2, wanda ya fito a 2004, ko WPA3 na 2018. Kalmar sirri tana ɗaukar baƙaƙe 8 zuwa 63. A tsawaita ta, kuma kada a sa lambar waya ko ranar haihuwa.

Na biyu, a yi hattara da tashar da ba ta da makulli, irin wadda ake samu a tashar mota ko otal. Kowa yana iya buɗe tasha ya ba ta sunan da ya ga dama domin ya yaudari jama'a. Kada a yi harkar banki a irin wannan wuri.

Na uku, kada ka shiga tashar wani sai da izninsa. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta kutsawa cikin na'urar wani ba da izni ba. Ko babu doka ma, datar maƙwabci dukiyarsa ce.

Na huɗu, a tattala data. Kwamfuta ta fi waya ci nesa ba kusa ba. Wannan umurni yana shaida mata cewa tashar ta kuɗi ce, domin shirye-shiryen da ke lura da haka su rage sauko da kaya ba a tambaye su ba:

sudo nmcli connection modify "Moduganari" connection.metered yes

Na biyar, in za ka sayar da kwamfuta ko ka kai ta gyara, ka goge tashoshin da ta ajiye. Umurnin nmcli connection show zai jero su, sudo nmcli connection delete tare da sunan tasha kuma zai goge.

Na shida, kada ka kwafi umurnin da ba ka san aikinsa ba, musamman mai farawa da sudo. Layi guda yana iya share aikin shekara. Matambayi ba ya ɓata. Haka kuma kada a fara sabunta manhaja sai batiri yana da caji sosai, ko akwai wutar da aka amince da ita.

KAMMALAWA

Tun da wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, sannu a hankali rajistar jarrabawa da neman aiki da aika kuɗi suka koma ta intanet. Wanda kwamfutarsa ta kasa haɗi a ranar bukata yana iya rasa gurbin karatu ko ciniki. Saboda haka muna kira ga kowane mai kwamfuta ya kwafe waɗannan umurni a littafinsa da alƙalami, domin ranar da zai bukace su ba zai sami intanet ɗin da zai neme su ba. Ya gwada su tun kwamfuta tana lafiya, har hannunsa ya saba. Malaman makarantu su koya wa ɗalibansu, wanda ya iya kuma ya koya wa ɗan'uwansa. Rigakafi ya fi magani.