Zaman Gida Ranar Zaɓe Rangwame Ne Ga Mai Sayen Ƙuri'a

A 'yan kwanakin nan, in aka ambaci zaɓen shugaban ƙasa na 2027 a teburin mai shayi a Ikara, ko cikin 'yan rake a kasuwar Maƙarfi, ko a majalisar bayan la'asar a Hunkuyi, amsar da ta fi yawa ita ce tsaki. Wani ya ce duk kanwar ja ce. Wani ya ce shi da layin zaɓe har abada. Matasa kuwa sun fi kowa sauƙaƙa lissafi: wanda ya ba da kuɗi a yi masa, wanda bai bayar ba a yi barci. Babu mai hankalin da zai zargi talaka a kan wannan fushi, domin ya sha wuya kuma an sha yi masa alkawarin da ba a cika ba. Abin da ya kamata a faɗa masa shi ne, wannan fushin da yake ganin hukunci ne a kan 'yan siyasa, su riba suke ƙirgawa da shi.

Bari mu dubi alƙaluman hukumar zaɓe ta INEC. A 2015 kusan kashi 44 cikin ɗari na masu rajista ne suka fita zaɓen shugaban ƙasa. A 2019 aka sauko kusan kashi 35. Ranar 25 ga Fabrairun 2023 kuwa, cikin mutum sama da miliyan 93 da ke da rajista, kimanin kashi 27 kacal suka je rumfa. Bola Tinubu ya zama shugaban ƙasa da ƙuri'a 8,794,726, wato ko mutum ɗaya cikin goma na masu rajista bai cika ba. A Jihar Kaduna, Muhammadu Buhari shi kaɗai ya samu ƙuri'a sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari a 2015. Bayan shekara takwas, in ka haɗa na Atiku Abubakar da Tinubu da Peter Obi da Rabi'u Kwankwaso gaba ɗaya a jihar, ba su kai miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu ba, alhali masu rajista sun haura miliyan huɗu da dubu ɗari uku. Kusan mutum miliyan uku suka zauna a gida. Shin an fasa rantsar da wani saboda sun ƙi fita? Tsarin mulkinmu bai ce sai mutum kaza sun fito zaɓe zai inganta ba. Wanda ya fi yawan ƙuri'a, ya kuma samu kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi, shi ne shugaba, ko da rabin gari na kwance a ɗaka.

Ga inda zaman gida ke zama rangwame. A ce rumfarku tana da mutum ɗari bakwai a rajista. In ɗari shida suka fito, mai son saye sai ya nemo kuɗin mutum ɗari uku da wani abu, kuma a cikin irin wannan taro asirinsa ba zai rufu ba. In ɗari da hamsin suka fito, mutum tamanin sun ishe shi. Kuma waɗanda suka fi saurin ƙaurace wa zaɓe su ne masu ra'ayin kansu, waɗanda ba a iya saye da taliya da sabulu: malamin makaranta, manomin da ke lissafin takinsa, ɗan kasuwa, mahaddacin da ya ga abin ya zama ƙazanta. Da zarar sun janye, fili ya rage wa 'yan jagaliya da waɗanda yunwa ta kai bango. Ɗan siyasar da ya san bai yi aiki ba yana murna da duk mutumin kirkin da ya rantse ba zai sake zaɓe ba.

Mutanen Kudan ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan darajar ƙuri'a ɗaya. A zaɓen gwamna na 18 ga Maris 2023, Uba Sani ya samu 730,002, ɗansu Isa Ashiru ya samu 719,196. Tazarar ba ta kai dubu goma sha ɗaya ba, a jihar da ke da rumfunan zaɓe sama da dubu takwas. Mutum biyu a kowace rumfa sun isa su juya sakamakon, ko su ninka tazarar har ta wuce gardama. Ba ina cewa wane ya fi wane ba ne. Ina nuna cewa waɗanda suka zauna a gida ranar su ma sun yi zaɓe, sai dai ba su san wa suka zaɓa ba.

Akwai shawarar da ta yaɗu, har wasu manya na bayarwa: ku karɓi kuɗinsu, ai naku ne, ku zaɓi ra'ayinku. Tana da daɗin ji, amma masu sayen sun riga mu saninta. Shi ya sa suka koma sai ka ɗaga takarda wakilinsu ya gani, ko ka ɗauki hotonta da waya, ko a rantsar da kai, kafin a biya. A 2022 Dokar Zaɓe ta sa mai bayarwa da mai karɓa a layi ɗaya, da tarar da a lokacin za ta iya kai naira dubu ɗari biyar ko ɗaurin shekara guda ko duka biyun. A bar ma maganar doka, tunda ba kasafai ake kama kowa ba. Wanda ya biya ka ranar zaɓe yana ganin ciniki ya faɗa, ba ka bin sa bashin komai. In ka je masa da kukan asibiti ko na taki bayan shekara biyu, a ransa ya riga ya sallame ka.

To me za a tambaya, in ba kuɗi ba? Darasin 2023 yana nan a gabanmu. Manyan 'yan takara uku, Tinubu da Atiku da Obi, kowannensu ya faɗa a fili lokacin yaƙin neman zaɓe cewa zai cire tallafin man fetur. Ba a ɓoye aka yi ba. Amma a garuruwanmu hirar da ta cika majalisu ita ce ta tikitin Musulmi da Musulmi, da wane ne ɗan Arewa, da wahalar canjin takardun naira. Mutum nawa ne suka tsayar da masu yawon kamfen suka ce, in an cire tallafin, da me zan zuba wa injin ban ruwa? Ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cirewar a jawabin rantsuwa. Litar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Mai noman rani a fadamun Ikara da Kudan, wanda tumatirinsa da attaruhunsa ke shan ruwa da fetur, shi ya fara ji a jikinsa, sannan mai ɗora rake a mota zuwa Kudu.

Sai kuma a Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. Mutanen birni sun samu sauƙi, kuma babu mai baƙin ciki da sauƙin abinci. Amma da kaka ta zo a 2025, manomi ya ga farashin buhun masara ya faɗi, na taki kuwa yana nan a sama. Wanda ya tuna lokacin da shirin takin shugaban ƙasa ya sa buhun NPK a naira 5,500 a 2017 ya san cewa farashin taki ba ƙaddara ce kawai ba, akwai hannun hukuma a ciki. Harajin kan iyaka, darajar naira, farashin mai, kuɗin ruwan banki, 'yan sanda da soja: duk waɗannan a Abuja ake yanke su. Shugaban ƙasa ba zai gyara muku kwalbatin unguwa ba, wannan aikin ciyaman ne. Amma shi ke yanke ko noman bana zai biya bashin bara.

Masana'antar sarrafa tumatir ta Ikara ta isa misali. An kafa ta a zamanin gwamnatin Balarabe Musa, ta shafe shekaru masu yawa a rufe, manoma na zubar da kwanduna a bakin hanya in kasuwa ta cika, ƙasa kuma na shigo da tumatirin gwangwani daga ƙasar Sin. A 2016 tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki har gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. A 2017 gwamnatin tarayya ta ɗaga harajin markaɗaɗɗen tumatirin waje zuwa kashi 50 cikin ɗari domin kare na gida. Wa ya bi sawu ya ga an aiwatar? Duk ɗan takarar da wakilansa suka zo Ikara, wannan ce tambayar da ta dace da su. A Maƙarfi a tambaye su rake da mazarƙwaila, a ƙasar da har yau mafi yawan sukarin da take sha daga ɗanyen sukarin waje ake tace shi. A Kudan a tambaye su inabin da manoma suka ɗauko da ƙarfinsu ba tare da wurin ajiya mai sanyi ba. Wanda ya amsa da kirari da take, an gane shi.

'Yan siyasa za su zo da maganar ɗanmu ne, addininmu ne. Addini abu ne mai girma, shi ya sa bai kamata a bari a mai da shi jarin kamfen ba. Mu yi wa kanmu adalci mu duba. Umaru 'Yar'aduwa ya yi mulki daga 2007 zuwa 2010. Namadi Sambo, ɗan Zariya, ya yi mataimakin shugaban ƙasa daga 2010 zuwa 2015. Buhari ya yi shekara takwas. Wannan yanki namu ma bai rasa manya ba: Ahmed Maƙarfi ya yi gwamna shekara takwas da sanata shekara takwas, Sulaiman Hunkuyi ya yi sanata. Kowannensu yana da abin da masoyansa za su nuna. Duk da haka, a 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da dama, kuma kashi 65 cikin ɗari nasu a Arewa suke. Zama ɗan gida bai isa hujja ba. Malamin da ya hau mumbari ya nuna ɗan takara, a girmama shi, a kuma tambaye shi cikin ladabi: Allah ya gafarta Malam, me mutumin ya ce zai yi da taki da makaranta da tsaro?

Masu cewa ƙuri'ar talaka ba ta taɓa canza komai ba su tambayi dattawan da suka ga 1979. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ta yi shekaru 'ya'yanta na shan ɗauri da bulala a hannun En'e. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta shiga kurkuku sau da dama tana neman a bar matan Arewa su yi zaɓe, abin da bai tabbata a zaɓen ƙasa ba sai 1979. A wannan shekarar talakawan tsohuwar Jihar Kaduna suka ɗora Balarabe Musa na PRP, jam'iyyar Malam Aminu Kano, a kan kujerar gwamna, ba da kuɗi ba, domin jam'iyyar ba ta da su. Shi da Abubakar Rimi na Kano suka soke haraji da jangali. Wanda ya taɓa ganin an shanya magidanci a rana saboda kuɗin haraji ya san ƙuri'a ta taɓa sauke wa talaka kaya. Amma labarin yana da kashi na biyu. Majalisar jihar tana hannun jam'iyyar NPN, ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, ta kuma tsige shi ranar 23 ga Yuni 1981. Saboda haka ranar zaɓen shugaban ƙasa, kada a yi wasa da sauran takardu biyun, ta sanatan Kaduna ta Arewa da ta ɗan majalisar wakilai na Maƙarfi da Kudan ko na Ikara da Kubau. Guguwar zaɓen jam'iyya ɗaya sak ta 2015 ta kwaso mutane da dama da ba wanda ya auna su, kuma su ne ke amincewa da kasafi da bashin da ake ciyowa.

Ga matasa magana ɗaya. Bayan zaɓen Afrilun 2011 an rasa rayuka sama da 800 a Arewa, kuma Jihar Kaduna ce ta fi kowa asara. A cikin gawarwakin babu ɗan gwamna, babu ɗan minista. Wanda ya ba ka ƙwaya da gora ya ce ka tare hanya, nasa 'ya'yan suna makaranta a Ingila ko Masar. Haka kuma saƙon murya da bidiyon da ake turowa a WhatsApp da Facebook da TikTok, yanzu ana iya haɗa muryar mutum da fuskarsa da kwamfuta a sa shi faɗin abin da bai faɗa ba. In ba ka ji shi daga kafar da ka yarda da ita ba, kada ka tura.

Abin yi ba shi da wuya. A nemo katin zaɓe tun yanzu. Wanda nasa ya ɓace ko ya lalace ko ya sauya gari ya je ofishin INEC na ƙaramar hukumarsa a duk lokacin da ake rajista. Kada ka ba kowa katinka ko lambarsa da sunan za a sa ka cikin tallafi. Karɓe katunan unguwar da ba ta goyon bayansu tsohuwar dabara ce ta rage ƙuri'a. Magidanta su bar iyali su fita, su kuma bar su da ra'ayinsu, domin iyayenmu mata su ne aka fi yi wa tayin atamfa da magi, su ne kuma suka fi kowa sanin farashin mudu. Bayan an kaɗa, doka ta ba ka damar tsayawa cikin natsuwa a ƙirga a gabanka, a rubuta sakamako a takardar EC8A, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a manna kwafi a rumfa. Ka ɗauki hotonsa. Maguɗi ya fi sauƙi inda mutane suka watse kafin a gama ƙirga.

Jama'ar Ikara da Paki da Auchan, na Maƙarfi da Gubuchi da Tashar Yari, na Kudan da Hunkuyi da Likoro: ba a ce ku so kowa ba, ba a kuma ce ku daina fushi ba. Ƙungiyoyin manoma da na matasa da na mata su zauna tun kafin motocin kamfen su iso, su rubuta bukatu uku ko huɗu, su miƙa wa kowace jam'iyya, su nemi amsa a bainar jama'a. Ranar zaɓe kuma ku fito, ku da maƙwabtanku.