Ciwon suga ba ya sallama

Dattawan Kakuri da Makera suna tuna lokacin da jiniyar masaƙa ke tashin unguwa. Tun daga 1957 da aka buɗe masaƙar KTL a Kaduna, dubban ma'aikata a ƙafa ko a keke suke zuwa aiki, su wuni tsaye gaban inji. Masaƙun sun yi shiru, tafiyar ma ta tafi da su. Yau daga Barnawa zuwa Kasuwar Monday sai Keke Napep, a zauna a shago har magariba, lemon kwalba a gefe. Irin wannan zaman ciwon suga yake so.

Duk abin da muka ci na hatsi, tuwo ne ko shinkafa ko burodi, suga yake komawa a jini. Sinadarin insulin ne ke shigar da shi cikin tsoka ya zama ƙarfi. Idan teɓa ta taru, jiki kuma ba ya motsi, sai tsokar ta daina jin kiran insulin, sugan ya yi ta yawo a jini yana cin jijiyoyin ido da ƙoda da ƙafa a hankali. Ciwon yakan yi shekaru bai nuna kansa ba. Ƙungiyar ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa fiye da rabin masu shi a Afirka ba su san suna da shi ba. Kafin a ga yawan fitsarin dare, da ƙishirwar da ruwa ba ya kashewa, da rama, da gyambon da ya ƙi warkewa, ya riga ya yi nisa.

Gwajin kuwa ɗigon jini ne daga yatsa, da safe kafin a karya. Ana yi a Asibitin Gwamna Awan, da Saint Gerard a Kakuri, da babban asibitin Sabon Tasha. Idan awo ya kai 126, aka sake ya maimaita, ciwon ne. Tsakanin 100 da 125 gargaɗi ne, kuma a nan ake iya juya akala: wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2002 ya nuna rage ƙiba kaɗan da tafiyar minti 150 a mako sun rage kamuwa da kashi 58 cikin ɗari. Rabin awa ke nan, kwana biyar. Wanda ya haura arba'in, ko akwai ciwon a gidansu, ko matar da ta taɓa haifar jariri mai nauyin fiye da kilo 4, kada su jira alama.

Sai maganar acca, wadda mutanen kudancin Kaduna suka fi kowa sani. Abinci ce mai kyau, amma ba magani ba ce. Malmala uku ta tuwon acca za ta ɗaga suga kamar kowane tuwo. A rage malmala, a ƙara miyar ganye, zogale da alayyahu da wake. Zuma ma suga ce, duk da darajarta. Kwalbar lemo ta rabin lita kuwa tana ɗauke da kusan ƙaramin cokali 12 na suga, wato iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda babba ya sha a wuni.

Wanda likita ya ɗora a kan magani, kada ya ajiye don mai lasifika a tasha ya ce garinsa na warkarwa cikin mako biyu. Kuma kowane dare ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu, domin ƙafar mai suga takan taka ƙusa ba ta ji ba.